Cibiyoyin Nazari na 'Yan Ra'ayin Sauyi da Gwagwarmayar Siyasa a Arewa

Cibiyar nazarin manufofi ƙungiya ce ta masana da ke bincike a kan al'amuran mulki, da nufin shawo kan masu yanke hukunci su ɗauki wata hanya su bar wata. Ba ta tsayar da ɗan takara kamar jam'iyya, ba ta ba da digiri kamar jami'a. Hajarta hujja ce: alƙaluma, rahoto, daftarin doka, ƙasida a jarida, ko mutumin da ta horar wanda wata rana zai hau kujerar hukuma. Idan aka ce cibiya ta 'yan ra'ayin sauyi ce, ana nufin tun farko ta zaɓi ɓangare. Tana auna kowace manufa da tambayar me za ta jawo wa talaka, da manomi, da ma'aikaci, da mace, kuma ta yarda cewa gwamnati na da alhakin ilimi da lafiya da rabon arziki. Kishiyarta ita ce cibiyar 'yan mazan jiya, wadda ta fi amincewa da kasuwa da tsarin da aka gada.

Zaɓen ɓangare ba aibu ba ne, muddin ba a murɗe alƙaluma ba. Abin da ke raba cibiyar nazari da ofishin farfaganda shi ne, idan bincike ya saɓa wa abin da take so, za ta buga shi ko za ta jefa shi a aljihun tebur. Tarihin irin waɗannan cibiyoyi a Arewacin Najeriya ya nuna wani abu kuma: hujja komai ƙarfinta ba ta tafiya da ƙafarta. Sai ta sami mai ɗauka, jam'iyya ko ƙungiyar ƙwadago ko gwamna, kuma sai ta shiga harshen mutanen da ake magana a kansu.

Tushen abin a ƙasashen waje

Tsohuwar cibiyar da ake yawan kafa misali da ita ita ce ƙungiyar Fabian ta Ingila, wadda aka kafa a 1884. 'Ya'yanta sun yi imani da sauyi a hankali, ta hanyar bincike da rubutu da shiga jikin hukuma, maimakon juyin juya hali. Suna cikin waɗanda suka taimaka aka kafa jam'iyyar Leba a 1900. Abin da ya shafi Najeriya kai tsaye shi ne reshen da suka buɗe a 1940 domin nazarin ƙasashen da Ingila ke yi wa mulkin mallaka, ƙarƙashin Rita Hinden da Arthur Creech Jones. Reshen yana tattara koke daga Afirka, ya mayar da shi tambayoyin da 'yan majalisa ke yi wa ministoci a Landan. A 1946 Creech Jones da kansa ya zama sakataren harkokin mulkin mallaka. Mai rubuta ƙasidar jiya ya zama mai sa hannu a takardar yau.

A Amurka 'yan mazan jiya ne suka fara mayar da abin sana'ar yaƙi. Cibiyar Heritage, da aka kafa a 1973, ta miƙa wa gwamnatin Ronald Reagan a 1981 kundi mai shafi fiye da 1,000, ma'aikata bayan ma'aikata, ga abin da za a rushe, ga abin da za a gina. 'Yan sauyi sun ɗauki shekaru kafin su rama. A 2003 John Podesta ya kafa Center for American Progress, kuma shi ne ya jagoranci kwamitin karɓar mulki na Barack Obama a 2008. Da yake dokar harajin ƙasar ta hana ƙungiyar agaji yi wa ɗan takara kamfe, sai cibiyar ta rabu gida biyu, ɗaya na bincike, ɗaya na fafutuka. A Afirka kuwa, majalisar masana zamantakewa ta CODESRIA da aka kafa a Dakar a 1973 ta zama mafakar malaman da ke sukar sharuɗɗan Bankin Duniya.

Daga zauren muhawara zuwa NEPU

Arewa ba ta jira an kawo mata sunan abin ba kafin ta fara yin sa. A farkon shekarun 1940 Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa sun haɗu a Bauchi, inda aka buɗe zauren muhawara da yardar jami'an Turawa. Malaman makaranta da ma'aikatan En'e kan zauna su tattauna batun da aka zaɓa. Da muhawara ta fara taɓa mulkin En'e da albashin sarakuna, sai hukuma ta ga abin ya wuce gona da iri, zauren ya mutu. Amma waɗanda suka saba da tambaya ba su daina ba. Aminu Kano ya tafi karatu Landan a 1946, ya yi cuɗanya da 'yan Leba da 'yan kishin ƙasa na Afirka, ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948.

Ranar 8 ga Agusta, 1950, mutum takwas suka kafa NEPU a Kano: Abba Maikwaru, Bello Ijumu, Maitama Sule, Magaji Dambatta, Mudi Sipikin, Baballiya Manaja, Abdulƙadir Ɗanjaji da Musa Kaula. Sanarwar Sawaba da jam'iyyar ta fitar gajeruwa ce, amma nazari ce cikakkiya: ta raba al'umma gida biyu, masu riƙe da En'e da talakawa, ta ce muradunsu sun saɓa. A watan nan dai Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudirinsa a majalisar Kaduna yana neman a yi wa tsarin En'e garambawul. Ɗaliban zaure ɗaya ne, ɗaya ya bi ta cikin gida, sauran suka bi ta kasuwa.

NEPU ba ta da ofishin bincike mai ma'aikata da albashi. Abin da take da shi ya fi wannan wuyar samu. Teloli da mahauta da 'yan koli da malaman zaure su ne masu kawo labari: an ɗora wa wane harajin da ya fi ƙarfinsa, an sa mutanen gari kaza noman gandu ba lada, alƙali ya ɗaure wane don ya halarci lacca. Shugabanni kan auna labarin da dokar Turawa da kuma littattafan Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu, su nuna cewa abin ya saɓa wa duka biyun. Daga nan sai ya koma ga jama'a a matsayin waƙa, ko lacca a bakin kasuwa, ko takardar koke. Waƙar Sa'adu Zungur, Arewa Jamhuriya ko Mulukiya, ta yi aikin da rahoto mai shafi ɗari ba zai yi ba, domin an haddace ta. Jam'iyyar ba ta taɓa kafa gwamnati ba. A zaɓen 1951 ta yi rawar gani a matakin farko a Kano, amma tsarin zaɓe mai hawa-hawa, wanda ya ba En'e damar cusa nata mutane, ya tace ta tas. Duk da haka ta bar jerin buƙatu da kowane ƙauye ya sani, kuma kan gaba a ciki shi ne soke haraji da jangali.

Malaman Zariya

Gadon ya koma jami'a a shekarun 1970. A Jami'ar Ahmadu Bello, sashen tarihi da Farfesa Abdullahi Smith ya gina ya yaye malaman da ke ganin tarihi makami ne na fahimtar yau. Fitaccensu shi ne Dakta Yusufu Bala Usman, haifaffen Musawa a 1945, jikan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi digirinsa na uku a kan tarihin Katsina. Abin lura ne cewa mafi kaifin masu sukar sarauta ɗan gidan sarauta ne. Haka ma Aminu Kano ya fito daga gidan alƙalai. A Samaru kuma, masu binciken tattalin arzikin karkara irin su David Norman sun zauna a ƙauyukan Zazzau suna ƙirga aikin gona rana bayan rana. Suka gano cewa manomin da ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ba jahilci ke damunsa ba, lissafi yake yi: idan ɗaya ya ƙi, ɗaya ya yi, kuma jimillar abin da yake samu ta fi ta shuka guda. Kowane manomi ya san wannan tun kaka da kakanni. Sabon abin shi ne an rubuta shi da alƙaluman da malamin gona ba zai iya musawa ba.

Gwajin farko ya zo a 1975, lokacin da Janar Murtala Muhammad ya naɗa kwamitin rubuta kundin tsarin mulki ƙarƙashin Rotimi Williams. Cikin mutum 49 da suka yi aikin, biyu suka ƙi sa hannu a rahoton masu rinjaye: Bala Usman da Dakta Segun Osoba na jami'ar Ife. Suka rubuta nasu daftarin a 1976. Babban saɓanin shi ne matsayin ilimi da lafiya da aikin yi. Masu rinjaye sun jera su a babi na biyu a matsayin buri, wanda ba a iya kai gwamnati kotu a kansa. Mutum biyun suka ce haƙƙi ne, kuma haƙƙin da ba a iya nema a kotu ado ne kawai. Sun kuma nemi a ɗaure masu mulki da ƙa'idoji masu tsauri game da tara dukiya. Gwamnatin soja ta yi watsi da daftarin, kuma tsarin masu rinjaye ne ya wuce cikin kundin 1979, ya sake bayyana a na 1999. Sai a 2019 aka sake buga rahoton marasa rinjayen a Zariya, bayan shekara 43. Hujja ce mai ƙarfi da ta rasa mai ɗauka.

Wata ashirin da ɗaya a Kaduna

Mai ɗaukan ya samu a 1979. Jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, ta ci kujerar gwamna a Kano da Kaduna. A lokacin babu Jihar Katsina, sai a 1987 aka ƙirƙiro ta, don haka Daura da Zango da Baure duk suna ƙarƙashin Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa. Bala Usman ya bar aji ya zama sakataren gwamnatin jiha. A Kano, Gwamna Abubakar Rimi ya ɗauko Dakta Bala Muhammad na Jami'ar Bayero ya zama mai ba shi shawara kan siyasa. Ba a taɓa ganin masana da masu mulki sun kusanci juna haka ba a Arewa.

Matakin farko da gwamnonin biyu suka ɗauka, a farkon Oktoba, shi ne soke haraji da jangali. Wanda bai ga zamanin ba zai yi wuya ya gane nauyin abin. Haraji kuɗin kai ne da ake ɗora wa kowane baligi namiji, mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Lokacin karɓarsa yakan faɗo da kaka, sa'ad da hatsi ya fi arha, sai manomi ya sayar da damin da zai ci da bazara, ya dawo ya saye shi da tsada ko ya ci bashi. Jangali kuwa kan kowace saniya yake, shi ya sa makiyayi kan ɓoye garke ko ya tsallaka da shi. A ƙasar kan iyaka irin Baure, gudun haraji ya daɗe yana kai mutane Damagaram yana dawo da su, gwargwadon inda hannun hukuma ya fi nauyi a shekarar. Soke shi ya yi farin jinin da sauran jihohin Arewa, har da na jam'iyyar NPN, ba su ga hanyar kauce masa ba. Haka aka yi da hutun ranar ma'aikata: jihohin PRP suka fara a 1980, gwamnatin tarayya ta bi a 1981. Hukumar yaƙi da jahilci ta Kano ta sami lambar yabo ta UNESCO a 1983.

A nan ne ya kamata mai adalci ya dakata. Buƙatar soke haraji ta shekara talatin a bakin jama'a, kuma masana sun ƙarfafa ta da hujja, amma abin da ya sa ta yiwu a 1979 shi ne kuɗin man fetur da ke gangarowa daga Legas. Tambayar da ba a amsa sosai ba ita ce, da me ƙaramar hukuma za ta rayu idan ta daina karɓa daga mutanenta, kuma wa za ta ji tsoro? Hukumar da ke cin gumin talaka tana zaluntarsa, amma tana buƙatarsa. Wadda ke jiran kason wata daga asusun tarayya tana iya mantawa da shi ɗungurungum. An sauke wa talaka kaya mai nauyi, wannan ba musu, sai dai igiyar da ke tsakaninsa da sakatariya ta tsinke, kuma ba a tufka wata ba.

Gwamnatin Kaduna ta kafa hukumar binciken filaye, wadda ta zagaya jihar tana sauraron manoman da aka ƙwace wa gonaki. Wannan ya zo daidai da lokacin da batun ƙasa ke da zafi, domin a Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a kan manoman Bakolori a Jihar Sakkwato, waɗanda ke neman diyyar gonakin da madatsar ruwa ta cinye. Amma gwamnan Kaduna bai da majalisa. NPN ce ke da kusan kashi biyu cikin uku na kujeru 99, ƙarƙashin kakaki Mamman Abubakar Ɗanmusa, kuma ta ƙi amincewa da sunayen kwamishinonin da aka aika mata sau da dama. Ranar 23 ga Yuni, 1981, aka tsige Balarabe Musa, gwamna na farko da aka yi wa haka a Najeriya, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Bayan kwana 17, ranar 10 ga Yuli, tarzoma ta ɓarke a Kano sakamakon takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka kashe Bala Muhammad a gidansa.

Kafin nan PRP ta riga ta dare gida biyu, 'yan santsi na gwamnoni da 'yan taɓo na Malam Aminu. Yawancin malaman jami'a suna tare da santsi, kuma alƙalamin da aka wasa domin NPN ya koma kan 'yan gida. Har yau ana gardama a kan wa ya fi laifi. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, masanin da ya shiga gwamnati yakan sami ikon aiwatarwa, ya rasa 'yancin cewa maigidansa ya yi kuskure.

Zamanin soja da cibiyoyi masu rajista

Bayan juyin mulkin ƙarshen 1983 babu jam'iyya, sai aka koma ga ɗab'i. Lokacin da gwamnatin Babangida ta buɗe muhawara a kan bashin IMF a 1985, malaman Zariya suna sahun gaba wajen ƙin amincewa, Bala Usman ya fitar da littafi a 1986 yana kiran a dogara ga kasuwar cikin gida. Jama'a suka ƙi bashin, gwamnati ta ce ta ji, sannan ta aiwatar da sharuɗɗansa da sunan SAP. A shekarun nan ne ayarin malaman Zariya ya riƙa buga mujallar The Analyst da Turanci da Fitila da Hausa, suna wallafa takardu da sunaye da adadin kuɗi. Fitila ita ce yunƙuri mafi ƙarfi na mayar da bincike cikin harshen talaka tun bayan waƙoƙin NEPU. Hukuma ba ta ɗauki abin da wasa ba. A 1988 aka kama Dakta Patrick Wilmot, malamin zamantakewa a Zariya, aka fitar da shi daga ƙasar.

Daga shekarun 1990 ne aka fara samun cibiyoyi masu ofis da rajista. Bala Usman da abokan aikinsa, irin su Alƙasum Abba, suka kafa CEDDERT a Zariya, ya riƙe ta har rasuwarsa a Satumban 2005. A Landan, a 1997, 'yan gudun hijirar zamanin Abacha suka kafa CDD, cikinsu akwai Kayode Fayemi da Tajudeen Abdul-Raheem, haifaffen Funtuwa. A Kano, gidan Malam Aminu da ke Gwammaja ya zama Gidan Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero, a 2000, kuma Attahiru Jega ya shugabance ta.

Hanyar tasirinsu ta bambanta da ta da. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda shi ma tsohon ɗan PRP ne, ya amsa cewa zaɓen 2007 da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kafa kwamitin gyara ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Uwais. Jega na ciki, haka ma Jibrin Ibrahim na CDD. Rahoton da suka miƙa a Disamban 2008 ya nemi a cire wa shugaban ƙasa ikon zaɓo shugaban hukumar zaɓe shi kaɗai, gwamnati ta ƙi. Amma a 2010 Jega ya zama shugaban INEC, kuma a hannunsa aka yi sabuwar rajista, aka shigo da na'urar tantance katin zaɓe a 2015. An ƙi shawarar, an ɗauki mutumin. Dokar 'yancin samun bayanai ta fi wannan jan rai: ƙungiyoyin 'yan jarida da na kare haƙƙi sun fara daftarinta a 1993, Obasanjo ya bar mulki a 2007 bai sa hannu ba, sai Jonathan ya sa a Mayun 2011.

Kuɗi da harshe

Mafi yawan cibiyoyin yau da tallafin gidauniyoyin ƙetare suke rayuwa. Ba lallai ne mai bayarwa ya ce a rubuta ƙarya ba. Ya isa ya ce bana batu kaza yake ɗaukar nauyi, sai a ga kowa ya zama gwanin batun. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Rahoto kan fito da Turanci, a ƙaddamar da shi a otal a Abuja, a ɗora shi a intanet, wa'adin tallafi ya ƙare. NEPU tana da masu ɗauka ba ta da ofis, waɗannan suna da ofis da kwamfuta, masu ɗauka ne suka yi ƙaranci.

Inda aka haɗa biyun, sakamako kan bayyana. Gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara daga 2010. Gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin kuɗin share garin Bagega, kuɗi suka maƙale. Matasan shirin Follow the Money, ƙarƙashin Hamzat Lawal, tare da likitocin MSF da wasu ƙungiyoyi, suka bi sawun alƙawarin da takardu da hotuna da muryoyin mutanen garin, har aka saki kuɗin a farkon 2013. A ƙetaren iyaka, cibiyar LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001 ta bi wata hanya. Masu bincikenta kan zauna a asibitoci da ofisoshin magadan gari watanni, cikin Hausa da Zabarmanci, suna rubuta yadda aiki ke gudana a zahiri. Su ne suka nuna cewa shirin kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, da Nijar ta fara a 2006, yana shaƙe ƙananan asibitoci, domin gwamnati na jinkirin biyan su kuɗin maganin da suka bayar.

Abin da ya shafi Baure

Baure ba baƙuwar masu bincike ba ce. M. G. Smith, masanin zamantakewa ɗan Jamaika, ya yi aiki a ƙasar Daura a ƙarshen shekarun 1950, ya buga The Affairs of Daura a 1978. Littafin ya bi diddigin yadda sarautar Daura ta rabu uku bayan jihadi, Fulani a birni, gidajen Haɓe a Zango da Baure, har zuwa 1906 da Turawa suka mayar da Malam Musa gadon Daura. Daga bakin dattawan ƙasar aka ɗebo yawancin abin da ke ciki, a Kalifoniya aka buga shi, da Turanci, kuma jikokin waɗanda suka ba da labarin kaɗan ne suka taɓa riƙe shi.

Baure ƙaramar hukuma ce mai mutum kusan 200,000 a ƙidayar 2006, ɗaya daga cikin 34 na Jihar Katsina, tana iyaka da Jigawa da kuma yankin Magarya na Nijar. Manufofi biyu da aka yanke a nesa sun taɓa ta kai tsaye a 'yan shekarun nan. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 domin hana fasa-ƙwaurin shinkafa, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, har zuwa Maris 2024. An yi ta muhawara a Abuja da Legas a kan shinkafa da tsaro da ECOWAS. Abin da rufewar ta yi wa farashin awaki da wake da riɗi, da dillali da ɗan dako a Babban Mutum, da iyalan da auratayya ta raba tsakanin ƙasashen biyu, yana cikin kawunan mutanen nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma majalisa ba ta karɓar yoyo sai an auna shi an rubuta.

Batu na biyu shi ne wanda soke haraji ya bari a buɗe. Kundin 1999 ya tanadi asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi, wanda ta cikinsa kason kowace ƙaramar hukuma ke bi. Tun 2004 ma'aikatar kuɗi ta tarayya ta fara wallafa abin da aka ware wa kowacce cikin 774 duk wata, kuma ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni kaɗai za su riƙe su. Alƙaluman abin da ke shigowa a fili suke. Aikin da ya rage shi ne jera su kusa da abin da ido ke gani: yawan malamai a kowace firamare, rijiyoyin burtsatse masu aiki da matattu, maganin da ke shagon asibitin mazaɓa, ranar da takin gwamnati ya iso da ranar da aka yi shuka. Irin wannan ƙidaya ba ta buƙatar tallafin ƙetare. Malaman makaranta da ɗaliban da ke dawowa hutu daga Katsina da Dutsin-Ma da Daura da Zariya za su iya yin ta da littafin rubutu da wayar hannu, kamar yadda shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT ke bin ayyukan mazaɓu tun 2014. Masu ɗauka kuwa suna nan: ƙungiyoyin manoma, kwamitocin makarantu, ƙungiyoyin mata, limamai, gidajen rediyo, da ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Zango da Baure, wanda dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba shi da masu zaɓensa damar neman takardun kowace ma'aikatar tarayya, a amsa musu cikin kwana 7.